Shekarar da Aka Kwashe Itacen Jegona

Jaura ta sauko Gaya tun shekaranjiya. Da safe in na fita ɗebo ruwa sai in tarar da leburorin gada sun kewaye wuta a bakin gulbi, sun dunƙule kamar kaji, su kuma direbobin kamyo, motocin ɗaukar kaya, sun naɗe kai har ba ka gane ɗan gari da baƙo. Maƙwabciyata tana yi mini dariya, wai na jibga wa yaron da nake goyo riga kan riga har ya koma ƙunshin goro. Ina jin ta. Duk da haka hannuna ba ya barin tafin ƙafarsa. In na ji ɗumi in saki, in an jima in sake taɓawa. Maigidana na yanzu cewa yake wannan ba ɗari ba ne, iska ce kawai. Gaskiyarsa. A nan gari akwai katanga, akwai bargo a kanti, jakai na kawo itace har ƙofar gida. Amma shi bai kwana a tungarmu ba shekarar da na yi haihuwar fari.

Tungar tana tsakanin Gaya da Tunuga, ƴan gidaje ne a kan tudu. Gabas da mu fadama ce, bayan fadamar kuma kurmin giginya, wanda Nasara suka ce ya zama nasu, suka kafa duwatsu masu farar ƙasa, suka sa masu gadi. Mijina na fari mahayin giginya ne. Sunansa na yanka ba ya fita bakina har yau. Mutanen tunga Dogo suke ce masa, da shi zan kira shi. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, ƙanwar ubansa ce ta raine shi, Gwaggo Hamsatu, kuma ita ce babba a gidan.

Daminar shekarar ta yi ruwa har ya wuce kima. Gero ya yi baƙi a tsaye, wanda muka yanka bai kai rabin rumbu ba. Mu mutanen bakin gulbi mun saba da cika biyu: jan ruwa na damina, sai ya ja baya, sannan baƙin ruwa ya biyo da ɗari. A shekarar nan jan bai gama komawa ba baƙin ya hau kansa. A cikin jirgi aka yanke shinkafa, maza na sunkuyawa suna laluben zangarniya a ƙarƙashin ruwa, mu mata muna shanya a kan rufin ɗaki don babu busasshiyar ƙasa. Fadama ta cika ta zagayo ta bayan tudu, muka wayi gari a tsibiri. Hanyar Zabori, inda iyayena suke, inda ya kamata in je in haihu, ta nutse.

Ko a ina mace za ta haihu, itacen jegonta a wuyan mijinta yake. Dogo ya fara tara nawa tun cikin bai fito sosai ba. Tsibin ya kusa kai tsayin rumbu, mata na wucewa suna yi mini tsiya, wai ko tagwaye na yi masa alkawari.

Wata ranar da hantsi masu gadin kurmi suka sauka a jirgi, su biyu. Ɗaya ƙato ne mai jar hula da bulalar dorina, ɗayan siriri, baƙo daga wata ƙasa, Hausarsa a karye. Mai jar hula ya zagaya tsibin, ya zaro wani gungume daga ƙasa, ya kankare shi da wuƙa, ya shinshina.

"Ƙirya ce. Ɗanya anka sare ta."

Gaskiya ne, guda ɗaya ce, Dogo ya saro ta a bakin kurmi don ƙirya na riƙe wuta har safe. Ya ce su ɗauki wannan su bar masa saura, sauran busasshe ne daga gonarsa, matarsa na da tsohon ciki. Bai rufe baki ba siririn ya kai masa gindin bindiga. Na ji ƙarar haƙorin daga inda nake tsaye. Suka sa shi, da jini a haɓarsa, ya loda itacen nan kaf a jirginsu da hannunsa. Da jirgin ya cika suka karɓi na maƙwabcinmu Baba Sambo, tsohon masunci, suka cika shi ma. Bariki za a kai. Inda tsibin yake sai gara da ɓawo suka rage.

Bayan wannan ɗari ya sauka.

Tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Iska na taso wa ta kan ruwa, babu abin da ya tare ta, ta shiga ta cikin zana kamar ana tsira maka allura. Da safe gulbi na hayaƙi. Ruwan tulu in ka kurɓa sai haƙoranka su amsa, kamar ka tauna ƙanƙarar farkon damina. Ƙafafu suka tsage, faso na jini, leɓe ya dare har mutum na tsoron dariya. Ƴan awakin da aka haifa a watan duk suka mace a bayan uwayensu. Masunta suka daina shiga ruwa da asuba, wanda ya gwada sai an ɓamɓare masa yatsu daga jikin taru. Alwala ta zama taimama. Mutum ya tashi, ya sha ɗan kunu, ya bi rana duk inda ta koma a tsakar gida, kamar ƙadangare. La'asar na yi kowa ya ja yaransa ɗaki, a kwanta a cure, a ja tabarma a rufa a kan zane.

A cikin wannan naƙuda ta kama ni, watana bai cika ba. Gwaggo ce ta karɓi haihuwar. Bakwaini ce, mace. Fatarta ja, sirara, irin ta ɗan tsuntsun da bai yi gashi ba. Tafin ƙafarta bai wuce babban yatsana ba. Kukanta sai ka kasa kunne. Abin da na lura da shi tun ranar farko, jikinta ba ya riƙe ɗumi da kansa. In wutar ƙarƙashin gadon ƙasa na ci, sai ta yi motsi, ta kama nono. In garwashin ya yi toka, sai leɓenta ya dushe, ta daina tsotso, ta yi shiru. Shirun nan nake tsoro. Ƙirjina kaɗai ba ya isarta, don ni ma rawar ɗari nake.

Wutar gidan kuwa biyu ce. Ga ta ƙarƙashin gado, ga ta tukunyar wanka.

Safe da maraice Gwaggo na ɗora ƙatuwar tukunya a bayan ɗaki, sai ruwan ya tafasa yana juyi. Ta tsoma damin ganyen sabara, ta zaro, ta fyaɗa mini a baya, a ciki, a cinya. Ba ta sirkawa. Tururi ya rufe mu har ba na ganin fuskarta, sai hannun da ke sauka. Fatata ta saɓule a kafaɗa. In ta gama ta ɗura mini kunun kanwa mai zafi, ta kora ni kan gado. Tukunyar nan a wanka ɗaya tana cin abin da zai ɗumama ɗaki kwana guda.

Muka ƙone karan gero. Muka ƙone totuwa da ƙaiƙayi, wanda hayaƙinsa ya fi wutarsa. Kashin shanu ya jiƙe, ba ya kamawa. Maƙwabta suka taimaka har aka yi suna, aka sa wa yarinyar sunan uwar Dogo, daga nan kowa ya ja hannu, don kowa na da yara. Muka cire ƙyauren ɗakin awaki. Muka faskara tsohon turmi. Sai muka fara cin danga, zana bayan zana, har gidanmu ya zama fili, mai wucewa na ganin tukunyarmu, mu kuma muna hango kurmi daga bakin ɗaki.

Wani maraice na ga Gwaggo ta kwashi ƴan sandunan dangar da suka rage za ta bayan ɗaki. Na ce, "Gwaggo, a bar wankan maraice."

Ta tsaya. "A bar mi?"

"A bar wa ɗiyar ga wutar. Jiya har na zaci ta tahi."

"Ke kin taɓa ganin maijegon da sanyi ya shiga?" Ta ajiye sandunan. "Ni na gani. Ƙanwata ce, ciki ɗaya. Ta kumbura har zobe ya nutse a yatsanta, a zaune ta mutu don ba ta iya kwanciya. Ɗan da ta bari bai ga wata na biyu ba. Jinjiri in ya koma, Allah na ba da wani. Ke in kin tahi, ku biyu ne. Kuma mi zan ce wa uwarki? In ce na bar mata ɗiya ba wanka?"

"Ni lahiyata lau."

"Haka ita ma ta ce. Tashi."

Na tashi. Ba mugunta take yi ba, na san wannan ko a lokacin. Rabonta na tuwo take tura mini, ta ce ta ƙoshi.

Dogo na zaune a bukkar bakin ƙofa, inda ya koma kwana tun da na haihu. Ya ji mu. Da na fito wanka na hango shi ya ɗauko igiyar hawansa yana shafa mata man kaɗe. Baba Sambo ya leƙo, ya dubi igiyar, ya dube shi.

"Ina za ka da wagga?"

"Akwai busassun rassa bisa giginyun bakin kurmi. Kaya guda ya ishe mu kwanaki."

"To bari rana ta hito ta shanye raɓa."

"In rana ta hito masu gadi ma sun hito."

"Dogo, ubanka ma bai hau giginya da asuba ba. Da ɗari kuwa ko biri ba shi yi."

Ya yi dariya da giɓinsa, ya ci gaba da shafa.

Ni matar mahayi ce, na san abin da tsohon yake nufi. Ana hawa ne da igiya da ta zagaye ƙugun mutum da jikin giginya, ka jingina baya, ka taka, ka cilla igiyar sama, ka sake takawa. Tafin ƙafa ne idonka. In raɓa ta kwanta, jikin giginyar santsi yake kamar tarwaɗa, in kuma ƙafa ta mutu da sanyi ba ta gaya maka ta kama ko ba ta kama ba. Shi ya sa suke jira rana ta ɗaga, su murza hannu da ƙafa a yashi mai ɗumi kafin su fara. Sannan ga cikin giginya, wurin da take kumbura kusa da sama. Can sai ka sassauta igiya ka wuce, in za ka sauko kuma, da ka wuce cikin dole ka sake ɗaure ta tam, don ƙasan ya fi sirantaka. Aikin yatsu ne.

Gari na wayewa na fito da yarinyar a cikin zanena, na tarar ba ya nan. Jirginsa na ɗaure. Da ƙafa ya ratsa fadama don kada a ga jirgi, ruwa har ƙirji, igiya da adda a ka. Da tururin ruwa ya ɗan yaye sai na hango shi, ɗan baƙin abu a ƙarƙashin ganyen wata doguwar giginya a bakin kurmi. Ya hau lafiya. Rassa na faɗowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ƙararsa, tim. Ruwa na ɗaukar sauti. Yadda na ji, haka masu gadin ma suka ji.

Jirginsu ya fito daga cikin ciyawa. Ba su yi ihu ba, ba su ɗaga bindiga ba. Suka tattara rassan da ya saro, suka tara a gindin giginyar, suka ƙyasta ashana, suka zauna suna miƙa tafin hannu.

Duk tunga ta fito bakin ruwa. Muna jin maganarsu kamar a tsakar gidanmu.

"Dogo, sauko ka ji ɗumi mana. Ai wutarka ce."

Ya ƙi saukowa. In ya sauko gidan kaso ne, ya sani, kuma in aka tafi da shi babu mai kawo mana ko tsinke. Yana jira su gaji. Wandonsa a jiƙe, babu riga, iskar sama na kaɗa ganyen har muna jin ƙarar su.

Hantsi ya yi. Mai jar hula ya ɗaga kai. "Ƙaro muna reshe ɗaya, wanga ya kusa cinyewa."

Sai muryar Dogo ta sauko, tana rawa. "Ku ɗan matsa daga ƙasa, sarkin daji. Hitsari nika ji."

Wani a bakin ruwa ya tuntsire da dariya, wasu suka biye masa. Da ma ba su yi ba. Mai jar hula ya tashi, ya dube mu, ya sa siririn ya saro ɗanyen ganye suka danna a wutar. Hayaƙi fari, mai kauri, ya miƙe ya bi jikin giginyar har sama. Muka daina ganin sa, sai tari.

Gwaggo ta kwance jirgin Dogo. Maza na tsaye suna kallon ƙasa. Baba Sambo ne kawai ya karɓi sandar tuƙi ya ce, "Shiga, Hamsatu." Ni na tsaya, yarinyar a ƙirjina, hannuna a ƙafarta, idona a can.

Ba su kai rabin fadama ba ya fara saukowa. Na gan shi ya fito daga hayaƙin, a hankali, taki ɗaya, ya tsaya, taki ɗaya. Ya sassauta igiya ya wuce cikin giginyar. Sai ya tsaya, kansa a sunkuye, yana fama da ƙullin. Ya daɗe. Na ga ya kai hannun bakinsa, yana hura shi, yana cizo. Yatsun sun ƙi. Ƙafa ɗaya ta zame, igiyar ta yi sako-sako, ya rungumi giginyar da hannu biyu ya taho. Jikinta ya kankare shi tun daga wuya har gwiwa. Kusa da ƙasa hannun ya saki, ya faɗa gefen wutar.

Ko motsi bai yi ba suka hau shi. Dorinar na tashi tana sauka, ƙararta na iso mu bayan mun ga ta sauka. Siririn na sa takalmi. Gwaggo ta diro daga jirgi tun bai kai gaɓa ba, ruwa har cinya, ta fizgi sandar Baba Sambo ta maka wa mai jar hula a wuya. Ya juyo ya tsinke ta da mari, ta koma cikin ruwan da baya. Ta taso, ɗankwali babu, tana zaginsa tun daga kakanninsa, ta je ta kwanta a kan Dogo. Bulala biyu ko uku a jikinta suka sauka. Daga nan suka tsaya, suka yi magana tsakaninsu. Ina jin sun ga in suka kai shi bariki a haka za a tambaye su. Suka ɗauki igiya da adda, suka shure sauran rassan cikin ruwa, suka tafi.

Aka kawo shi a jirgi aka shimfiɗe a bukkarsa. Ƙirjinsa ja, babu fata, da ɓarɓashin giginya a ciki. Bayansa a tsattsage. Yana rawa har haƙoransa na ƙara. Gwaggo, kuncinta a kumbure, ta tsaya a tsakar gida tana duban ƴan sandunan da suka rage. Ta daɗe tana duba. Ta kwashe su duka ta cusa ƙarƙashin tukunyar wanka, ta ɗebi ruwan ta shiga wurinsa. Ranar ban yi wanka ba, kuma ba ta kira ni bayan ɗaki ba.

Kafin magariba babu wuta ko'ina a gidanmu. Na sa hannu a ramin gado, toka ce, ta huce. Iska ta taso, babu danga. Na naɗe yarinyar da duk zannuwan aurena, na manna ta a fatata, na dunƙule a kanta. Na sa mata nono, bakin bai kama ba. Na matsa ƙafarta, ba ta janye ba. Leɓen ya koma kalar toka.

Gwaggo ta shigo tana goge hannu. "Zazzaɓi ya ruhe shi. Jikinsa kamar an sauke tukunya, ba a iya taɓawa."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ta ga inda na nufa, ta tare ƙofa.

"Ina za ki?"

"Wurinsa."

"Da jinin haihuwa a jikinki? Ki kwanta kusa da namiji ba ki yi arba'in ba? Kuma ɗiyar hwari ki ɗora wa uba, tunga duk na kallo? Babu danga, Rabi. Kina son a yi da mu har Zabori?"

"Gwaggo, ba ni hanya."

"Koma ki kwanta."

Ta kama kafaɗata, daidai inda ruwa ya saɓule. Na ture ta. Tsohuwa ce, ta sha duka da rana, ta faɗi a bakin ƙofa, kanta ya bugi tulu. Na tsallake ta na ratsa tsakar gida, mata na leƙe daga ɗakunansu.

Tun daga bakin bukkar na ji zafinsa. Yana kwance a gefe guda, don baya da ƙirji duk ba su kwantuwa. Na rasa inda zan sa ta, ko'ina ciwo. Sai hammata. Na kwance zannuwan, na ɗaga hannunsa, na cusa ta tsirara a wurin, na kwanta na matse ta ta ɗaya gefen, na ja zane a kanmu. Ya buɗe ido.

"Mi ne ne wanga?"

"Uwarka ce. Sanyi take ji."

Ya sauke hannun a kanta a hankali. Ina jin numfashinsa a goshina kamar iskar maƙera. Can sai na ji wani abu ya karce ni a ciki. Ƙafarta ce. Sai ɗan kukan nan nata. Na sa mata nono ta kama.

Gwaggo ta shigo da tabarmi biyu a hannu, da ƙullutu a goshi. Na ɗauka duka zan sha. Ba ta dube ni ba. Ta rufa mana tabarmin, ta toshe ƙofar bukkar da tata shimfiɗar, ta zauna a bakin, ta ba iska baya.

Haka muka yi kwanaki. Da rana in ta ɗaga in fito da yarinyar in bi rana da ita, la'asar na yi in mayar da ita hammatar ubanta. Mata sun yi maganarsu, ta iso kunnena. Ciwonsa ya fara ruwa, ya fara wari. Wani lokaci yana magana da mutanen da ba sa nan. Amma in na ɗaga hannunsa, ko a cikin magagi, sai ya gyara mata wuri.

Gwaggo ta samo sassaƙen maɗaci, ta roƙi a bar ta ta dafa a murhun Baba Sambo. Ta kawo a ƙwarya, ta tallafo kansa.

"Sha. Zai sauke maka zahin ga."

Ya shinshina, ya gane ko mene ne. Ya dubi yarinyar. "Iskar ta hwaɗi?"

"Ina ruwanka da iska? Sha."

"An kawo itace?"

Ta girgiza kai.

"To aje shi, Gwaggo. In an kawo in sha."

"Kashe kanka za ka yi?"

"Ke kin ce ban taɓa yin abin amfani a kwance ba. Ga shi na samu."

Ta matse masa hanci kamar yaro, ta kafa ƙwaryar a giɓinsa. Ya datse haƙora, ya kau da kai, maganin ya zube a wuyansa ya gangara cikin ciwon, ya yi ƙara. Ta jefar da ƙwaryar. Ta sake dafawa washegari, ya sake ƙi. Har ta koma ga Allah Gwaggo na cewa da ya sha da ya tashi. Baba Sambo ya ce ciwo irin wannan ba maɗaci ke tare shi ba. Ni ban sani ba.

Kukanta ne ya tashe ni wata asuba, kuka mai ƙarfi irin wanda ba ta taɓa yi ba. Na shafa ta. Gefen da ke jikina da ɗumi. Na zura hannu ɗaya gefen, na hammatar, na ji kamar na taɓa tulu. Na zaci zazzaɓin ne ya sauka. Har na buɗe baki zan ce masa sannu.

Kafin azahar jirage sun cika bakin tudunmu, daga tungayen kusa, daga Tunuga, har daga ƙetaren gulbi. Ba a zuwa gidan mutuwa hannu sake, sai an dafa wa masu zaman makoki. Kowane jirgi da daminsa. Maƙwabta ma kowa ya fito da abin da ya ɓoye a bayan gado. Itace ya taru a wurin da tsibin farko yake, har da ƙirya. Jaura ba ta faɗi ba sai bayan na yi arba'in, amma daga ranar wuta ba ta sake mutuwa a ƙarƙashin gadona ba. Yarinyar ta rayu. Ita ce ke share mini tsakar gida yanzu.

Ranar, Gwaggo ta ɗora ƙatuwar tukunya. Ruwan farko maza suka ɗeba suka sirka suka yi wa Dogo wanka. Ina zaune a ɗaki cikin dangin miji, fuskata a rufe, bakina a datse, don yarinya ba ta kukan miji a gaban mutane. Da aka ɗauke shi na ji ta sake cika tukunyar. An jima ta leƙo.

"Rabi, taso. Kin yi kwanaki ba wanka."

Ta karɓi yarinyar ta miƙa wa matar Baba Sambo, ta ce a zauna da ita bisa gado inda wuta take. Muka zaga bayan ɗaki. Na cire zane na durƙusa. Ta tsoma sabara, ta zaro, ta fyaɗa mini, tururi ya rufe mu. Ta sake tsomawa. Sai ta sunkuyo daidai kunnena.

"Yi kukanki yanzu. Za su ce ruwan ne."